Yawun Uwa da Ƙasusuwan Rijiya

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan ta zo muku, amma ba daga bakin wasa ta fito ba, daga cikin gidanmu ta fito. Da tatsuniya ce da na fi jin daɗin bayarwa. Suna kuwa ba zan kama ba, ko na mai rai ko na wanda ya riga mu. In kun bi ni a hankali za ku ga dalili.

Gidanmu yana wani ƙauye a ƙasar Gubuchi, inda in rani ya yi ba ka jin komai sai kukan injin matse rake da ƙamshin mazarƙwaila a kan wuta. Gida ɗaya ne, sassa biyu. Ni matar wa, ita matar ƙane, faccalata ke nan. Daga wajen Likoro aka kawo ta, 'yar Fulanin da suka daɗe da zama suka kama noma. Doguwa ce, mai ƙarancin magana, in dariya ta kama ta sai ta sa gefen mayafi ta rufe. Na riga ta shigowa gidan da daɗewa, amma Allah bai ba ni haihuwa ba tukuna. Ita kuwa shekara na zagayowa ta haifi namiji.

Ku 'yan yanzu kuna ɗora ɗan fari a cinya a gaban suruka, har ku ɗauke shi a waya ku nuna wa duniya. Mu ba haka muka taso ba. Ɗan fari kunyarsa ake ji. Uwa ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke rugawa ba. A wurin Fulani kuwa abin ya fi tsanani. Faccalata in za ta ba shi nono sai ta shige ƙurya ta juya wa ƙofa baya. Ranar da aka yaye shi, surukarmu ta ɗauko shi ta dire a gabana ta ce, "Ga ɗanki." Ba a tara kowa ba, ba a sake tayar da maganar ba.

Ya tashi yana ce mini Inna, ita kuma yana ce mata Adda, yadda ake kiran babbar yaya a gidansu. Duk gida muka bi bakinsa, har yau Adda ake ce mata.

Ni na goya shi. Ni na tauna masa nama na sa masa a baki lokacin da haƙoransa ba su kai ba. In zazzaɓi ya kama shi, ni ke karanta ɗan abin da na iya in tofa masa a ka, in tofa a ruwa in ba shi ya sha. Ranar da ya faɗo daga kan mangwaro hannunsa na hagu ya karye, ni na rungume shi mai ɗori yana ja, yana ihu yana kiran Inna. Adda tana tsakar gida tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba. Sai dai na ga rariyar ba gari a cikinta, tana ta kaɗawa. Hannun ya warke da ɗan ƙullutu a ƙasan gwiwa, wanda in ka shafa za ka ji.

Daga baya Allah ya ba ni 'ya'ya mata, iyayen wasunku ke nan. Mazajenmu biyu suka rasu ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa ya zama magidanci, yana noman rani, ya sayi babur, ya auro wata yarinya daga Kudan. Ba su daɗe da auren ba, ko ciki ba ta kai ga yi ba.

Wata safiya ya ɗaure kwandunan tumatir a bayan babur zai tafi Ikara. Ya leƙo ɗakina ya ce, "Inna, me za a sayo miki?"

Na ce, "Goro. Kada ka kawo mini busasshe irin na rannan."

Ya ce, "Haƙoranki ne dai suka gaji, kike ɗora wa goro laifi."

Na ɗaga masa muciya, ya kauce yana dariya. Ya bi ta gaban Adda tana shara, ya ce, "Adda, na tafi." Ta dubi tsintsiya ta ce, "A dawo lafiya."

Bai dawo ba.

An nema a Ikara, an nema a Makarfi, an zagaya asibitoci da ofisoshin 'yan sanda. Muka zauna muna jiran waya, ko masu satar mutane za su kira, don a lokacin har wannan fata muke yi. Ba wanda ya kira. Masu jaje suka yi ta zuwa, kuma wurina suke zuwa, ni ce uwar wanda ya ɓata. Adda ke shimfiɗa musu tabarma, ita ke kawo musu ruwa. Da suka watse ita ma ta durƙusa a bakin ƙofata ta ce, "Yaya, ya muka ji da wannan abu? Allah ya bayyana." Na ce amin. Ta koma sashenta.

To, daga nan ne na fara ganin abin da ban gane ba.

Akwai rijiya a tsakar gidanmu, kuma duk matan gidan ba mai jan guga kamar Adda. Tun da yaron nan ya ɓata ta daina zuwa bakinta. In za ta wuce sai ta zagaya ta jikin katanga, fuskarta a wani gefe. Rake ta daina sha, mazarƙwaila ta daina ci, ta ce ɗanɗanon laka take ji. Sannan sanyi. A tsakiyar bazara, lokacin da ko kaji buɗe baki suke yi don zafi, Adda tana cikin rigar sanyi, ta naɗe hannunta na hagu da tsumma. Wata rana tana miƙo mini ƙwarya hannuna ya taɓa nata. Kun san gindin randa da safe? Haka na ji, sanyi da danshi. Na ce, "Adda, mene ne wannan?" Ta janye hannun ta ce, "Sanyin ƙashi ne, Yaya. Tsufa."

Matarsa kuwa ta zauna a tsakani, ita ba mai aure ba, ita ba mai takaba ba. Kullum sai ta kira lambarsa, kullum a ce mata a kashe take. Ran nan da hantsi ta kira, sai wayar ta shiga. Muna zaune muna jin ƙararta a tsakar gida, ba mai motsi. Aka ɗauka. Muryar namiji ta yi sallama. Ni na karɓi wayar daga hannun yarinyar nan na amsa. Wani bawan Allah ne daga can wata ƙasa mai nisa, ya ce sabon layi ya saya, bai san kowa ba. Na ba shi haƙuri. Daga ranar ba ta sake kira ba, amma kullum wayar tana cikin caji.

Haka damina ta bi damina. Sai wani rani labari ya zo daga wajen Kudan. Wani mutum ya karɓi gonar rake, a tsakiyarta akwai tsohuwar rijiya da aka daɗe da bari, ya sa a yashe masa ita don ban ruwa. Masu yasa suka shiga suna fito da laka, suna fito da laka, sai guga ya fito da abin da ba laka ba. Aka kira dagaci, dagaci ya kira 'yan sanda, aka kwashe abin da aka samu zuwa wani asibiti a Zariya. Aka yi shela, duk gidan da ya san mutuminsa ya ɓata ya je.

Kafin mu je Zariya na ce sai an kai ni na ga rijiyar. Da tsakar rana muka shiga gonar. Raken ya fi mutum tsawo, in ka shiga ba ka ganin gaba, ba ka ganin baya. Iska ba ta kaɗawa, amma ganyen yana ta ƙara kamar ana tafiya a gefenmu, in mun tsaya ya tsaya. Muka iske bakin rijiyar an ɗora masa itace. Na durƙusa na leƙa. Ruwan baƙi ne, can ƙasa, na hango kan wata tsohuwa tana leƙo ni. Sai wani sanyi ya taso ya doki fuskata. Na san sanyin nan. Na taɓa jinsa a gidanmu, a bakin ƙwarya. Ban gaya wa kowa ba, na miƙe na ce mu tafi.

Gida biyu ne suka amsa shelar. Mu, da wani tsoho makiyayi daga wata ruga, wanda ɗansa ya kora shanu kasuwa bai koma ba. A asibitin aka shigar da mu wani ɗaki mai sanyin inji. Wata likita ce ta karɓe mu, mace mai matsakaicin shekaru, Bazazzagiya, da safar hannu. Ta yaye wani farin ƙyalle. An jera ƙasusuwan a kan tebur, kowanne a mazauninsa, zaman rijiya ya rine su sun koma launin mazarƙwaila. Ba riga, ba takalmi, ba komai da za a ce ga shaida. Idona ya tafi kan hannun hagu. Ƙullutun yana nan a ƙasan gwiwa.

Na ce, "Nawa ne."

Tsohon nan ya daɗe yana kallo, ya jingina da sandarsa, sannan ya ce a hankali, "Inna, ki yi haƙuri. Nawa ma saniya ta taɓa karya masa hannu yana ƙarami. Hagu."

Ba wanda ya yi wa wani gardama. Muka tsaya, tsofaffi biyu, gawa ɗaya.

Likitar ta ce ba za ta ba da mutum a kan zato ba. Ta yi mana bayani da Hausa mai sauƙi. Ta ce kowane ɗan Adam yana ɗauke da wasu alamomi a jininsa da yawunsa da ƙashinsa, ƙanana ƙwarai, ido ba ya gani, rabi daga uwa, rabi daga uba. Ko nama ya tafi suna nan a cikin haƙori. Za ta ciro na haƙorin wannan bawan Allah ta gwada da yawun uwa ko na uba. Ta ce, "Wace ce uwarsa a cikinku?"

Mazan gidanmu da suka rako ni duk suka juyo suka dube ni. Samarin cikinsu ma ba su san wata magana ba bayan wannan. Ni kuwa da na ji an ce yawu, hankalina ya kwanta. In dai yawu za a auna, wa ya kai ni? Yawuna ya ci a nama, ya sha a ruwan tofi, da shi na goge masa ido yana rarrafe. Na ce a raina, ai injin nan ko makaho ne zai gan ni a jikin yaron nan. Na buɗe baki, ta sa wani tsinke mai auduga ta goga cikin kumatuna. Tsohon ma aka yi masa.

Muka koma gida muka yi ta jira, har aka gama saran rake. Sannan aka kira mu.

Ta zaunar da mu ta ce, "Mama, gwaji ya nuna wannan ba ɗanki ba ne. Baba, kai ma ba ɗanka ba ne." Ta ce akwai 'yan alamomin da suka yi kama da nawa, akwai waɗanda suka yi kama da na tsohon, nasa ma sun ɗan fi yawa. Wani daga mazanmu ya ce, "To ai na Fulani ne ke nan." Ta girgiza kai. Ta ce mutanen ƙasar nan jininsu a cakuɗe yake tun kaka da kakanni, Bahaushe ya auri Bafulatana, Bafulatani ya auri Bahausa, ga waɗanda fatauci ya kawo, ga waɗanda suka gangaro daga kudu. In ka kama mutum biyu a kasuwar Makarfi waɗanda ba su taɓa gaisawa ba, za ka iya samun irin wannan kamar a tsakaninsu. Kafin a ce alama kaza ta gida kaza ce, sai an san yawanta a cikin jama'a, su kuma ba su gama sanin na mutanenmu ba. Shi ya sa ita da abokan aikinta suke bin ƙauyuka suna karɓar yawun waɗanda suka yarda. A kan 'yar wannan kamar ba za ta ba kowa gawa ba. In ba a sami mai shi ba, hukuma za ta binne shi a matsayin wanda ba a san ko wane ne ba.

Wannan ita ce maganar da ta tsaya mini a rai. A haƙa rami a garin da ba nasa ba, waɗanda ba su san shi ba su rufe shi, matarsa ta ci gaba da cajin waya.

A gari magana ta bazu. Wasu suka ce ai dama yana raye, wani ya gan shi a tasha, wani ya gan shi a bayan motar rake ya juya baya. Ni na san abin da na gani a kan teburin nan. Amma in injin ya ce ba ni a jikinsa, to wane ne wancan mai hannun ɗana?

Ban gaya wa Adda yadda ɗakin asibitin yake ba, ba ta kuma tambaya ba. Amma ran nan da la'asar na iske ta a bakin murhu, ta kusa sa hannun nan a cikin wuta, tana magana ita kaɗai. Na ji ta ce, "An fita daga wani sanyin an shiga wani." Da ta ji motsina ta ɗauki mafici ta hau fifita wutar da take ci da kyau.

Washegari na sa babbar 'yata ta raka ni Zariya. Na iske likitar a ofis na ce, "'Yar nan, injinku bai faɗi gaskiya ba."

Ta yi murmushi ta ce, "Zauna, Mama. Gaya mini inda ya kuskure."

Na ce, "Yaron nan ba abin da ya shiga cikinsa da bai bi ta hannuna ba. Tun ranar da aka yaye shi yake bayana. Na tauna masa, na tofa masa."

Ta ce, "Tun ranar da aka yaye shi?"

Na ce, "Tun ranar."

"Kafin nan fa, nonon wa ya sha?"

Na sunkuyar da kai. Ba ɓoyewa nake ba. Magana ce da ba a taɓa furtawa a gidanmu ba, har bakina bai san yadda ake fara ta ba.

Ta ajiye abin rubutunta ta dube ni da kyau. Ta ce, "Mama, ɗan fari ne?"

Na ce, "Ɗan fari ne."

Ta dafe goshi. Ta ce, "Babban wanmu, har mahaifiyarmu ta rasu ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. A gidan kawunmu ya tashi." Sannan ta yi mini bayani. Yawun da ya shiga daga waje ba ya zama. Abin da take nema tun a ciki ake ƙulla shi, kafin mutum ya san baki, kuma ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa.

Na ce, "To duk taunar da na yi?"

Ta ce, "Tana nan, Mama. Injina ne ba shi da idon ganinta. Wadda ta haife shi tana raye?"

Na ce, "Tana raye. Amma ba za ta zo ba."

Na san abin da na faɗa. Da na koma na sami Adda tana surfe, na karɓi taɓarya ɗaya muka yi ta lugude, don magana irin wannan ta fi sauƙi in hannu yana aiki. Na gaya mata duk yadda muka yi. Taɓaryarta ba ta tsaya ba. Ta ce, "Yaya, ɗanki ne. Ni me ya haɗa ni?"

Na ce, "Sun ce sai wadda ta ɗauki cikinsa."

Ta ce, "In shiga mota a gaban mazan gidan nan, a gaban surukai, kowa ya san inda za ni da abin da zan je in ce? Da furfurata?"

Na ce, "Ba a ce ki ce komai ba. Baki kawai za ki buɗe."

Ta ce, "Tashin da zan yi ni kaɗai ai shi ne maganar."

Ta kwashe dawarta ta shige. Kada ku ce taurin zuciya ne. Mace ce da ta kwashe rayuwarta tana riƙe da abu ɗaya, aka ce ta sake shi a bainar jama'a.

Matarsa ce ta kawo dabara. Tana jinmu daga bakin madafi. Ta ce, "Inna, ba kin ce likitar nan tana bin ƙauyuka tana karɓar yawun mutane ba? Ta zo nan mana. Duk mu buɗe baki." Na dubi yarinyar nan, rabon da in ji ta yi doguwar magana har na manta.

Aka yi wa likitar waya ta yarda. Ta zo da hantsi da akwatinta, mai unguwa ya rako ta zaure ya koma. Duk matan gidan muka jeru a inuwar katanga, har maƙwabta suka shigo, kowa ta ce ita ma a sa nata a cikin na jama'a. Aka yi ta barkwanci. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta ce, "Ni in kin auna kika ga Fulani a jinina, ki gaya musu su biya ni gadon shanuna." Wata ta ce mata, "Da wannan hancin? Ko akuya ba za su ba ki ba." Adda tana can kusa da ƙarshen layi, a cikin rigar sanyinta.

Da aka zo kanta, likitar ta durƙusa ta rage murya. Ina kusa, na ji. Ta ce, "Mama, naki ba kamar na sauran ba ne, kuma ba zan ɗauka ba sai da yardarki. Kin yarda in gwada shi da na wanda ke kwance a wurinmu?"

Adda ba ta dube ta ba, katanga take kallo. Dariyar mata ta yi ƙasa, ban san me ya sa ba, don ba su ji tambayar ba. Har kajin gidan suka yi tsit. Can ta ce, "Sanyi yake ji. Ku yi sauri."

Ta buɗe baki.

Na ga likitar ta riƙe mata hannun hagu don ta gyara zama, na ga ta saki da sauri ta dubi tafin safarta. Ta sa tsinken audugar a kwalba ta rufe, ta wuce kan ta gaba.

Wannan karon jiran bai yi tsawon na farko ba. Da kanta ta zo, ta tsaya a zaure a gaban mazan gida da mai unguwa, mu muna bayan ƙofa muna ji. Ta ce, "Wanda aka samu a rijiyar nan ɗan gidan nan ne. Mahaifiyarsa tana cikin gidan nan, babu shakka a ciki." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ba wanda ya tambaye ta wace ce. Allah ya yi wa iyayenta rahama, sun yi tarbiyya.

Aka kawo shi a cikin kwali. Liman ya ce ba wanka, a naɗe a yi masa salla. Ni aka miƙo wa likkafanin in haɗa, tunda ni ce Inna. Ina warware shi a ɗakina sai ga Adda ta shigo ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ɗauke ƙyallen daga hannuna ta fita. Na bi ta. Ta je bakin murhu ta baza shi a saman garwashi, tana juyawa, tana taɓawa da kumatu, yadda ake ɗumama zanen jariri in an fito da shi daga wanka. Da ya yi ɗumi ta ninke ta miƙo mini ta ce, "Yaya, kada ya huce."

Na naɗe shi da ɗuminsa. Da na ɗaga, bai kai nauyinsa na ranar da surukarmu ta dire mini shi ba.

Maza suka ɗauka. Tsohon makiyayin nan ya zo, ban san wa ya gaya masa ba, aka ce a sahun gaba ya tsaya. Masu gaisuwa suka cika ɗakina. Ina cikin amsa musu na ji ƙarar guga a tsakar gida. Na leƙa. Adda ce a bakin rijiya, ta cire rigar sanyi, ta kwance tsumman hannunta, tana ja wa baƙina ruwa.

Wanda ya jefa shi a rijiyar ba a san shi ba har yau, babur ɗin ma ba a gani ba. Mai gonar ya cike rijiyar da ƙasa, an ce raken da ke wurin ya fi na ko'ina tsawo, kuma masu sara suna barinsa a tsaye. Matarsa ta yi takabarta a ɗakina, ta koma Kudan, ta yi aure, tana da 'ya'ya, tana aiko mini da goro. Tsohon makiyayi ya rasu bai ga ɗansa ba, amma yawunsa yana ajiye a wurin likitar, ta ce duk ranar da aka sake tono wani za ta gwada. Ita likitar tana nan tana bin ƙauyuka da akwatinta, an ce yanzu in ta tambayi uwa sai ta ƙara da tambayar wa ya ba da nono. Adda ta yi 'yan shekaru bayan nan, hannunta da ɗumi kamar na kowa, ta rasu da damina ba ta kama sunansa ba. Ni na yi mata wanka. Da maza suka dawo daga maƙabarta suka ce wurin da ya rage a buɗe kusa da shi ne, nan aka sa ta, ba wanda ya shirya hakan.

Ni kuwa ga ni, na rage. In na wuce bakin rijiyar gidanmu ina leƙawa, ruwa ne kawai. Nan ta tsaya, ku tashi ku ba ni wuri in yi alwala.